Kan sarkin da babu sarki a kansa

Jiya na nemi ku taya ni neman Hausar kalmar Turanci philately, wato sha'awar kan sarkin da ake manna wa wasiƙa, musamman ɓangaren masu bin na wasanni kawai. Amsoshi sun zo da yawa, ga inda na tsaya.

Da farko, wani ya ce mu bar “kan sarki” mu koma “sitam”, tunda hoton ɗan ƙwallo ko ɗan dambe ke jiki, ba sarki ba. Malam, ban yarda ba. Na farko a duniya, Penny Black na Ingila a 1840, kan Sarauniya Victoria ne a jikinsa, kuma har yau Birtaniya ba ta rubuta sunan ƙasar a kan nata, kan mai sarauta ne shaidarta. Sunan “kan sarki” ya riga ya zauna a bakin mutane. Ko tsuntsu aka zana, kan sarki ne. Jam'insa ma ba sai an ce kawunan sarki ba, a ce kan sarki goma sha biyu, ya isa.

Goma sha biyun nan da gangan na ambata, don adadin da Girka ta fitar ke nan a 1896 domin wasannin Olamfik na farko na zamani a Atina, kuɗin sayar da su kuma ya taimaka wajen shirya gasar. Daga nan masu wannan sha'awa ke fara lissafi.

Rigimar tana wajen aikin. “Tarin kan sarki” aka fi kawowa, amma a rubuce sai ka ce sarki ne mura ta kama. “Tara” kuma ga lamba, ga ta kotu. Duk da haka, “mai tara kan sarki” ya yi daidai da wanda ke cika littafi da su. Sai dai philately ta wuce tarawa. Bafaranshe Georges Herpin ne ya ƙirƙiro kalmar a 1864 daga Girkanci, don ya raba ta da tsohon sunan da ke nuna abin kamar wani hauka ne. Mai wannan aiki yana ɗaukar ɗan hantsaki, ba ya taɓawa da yatsa, ya sa gilashin ƙara girma, ya ƙirga haƙoran gefe, ya ɗaga takardar ga haske. Shi ne zai nuna maka cewa ɗaya daga cikin waɗanda Birtaniya ta fitar don Gasar Kofin Duniya ta 1966 iri biyu ne: na farko, da wanda aka sake bugawa da ƙarin rubutun England Winners bayan Ingila ta ci kofin. Wannan nazari ne. Saboda haka na ce nazarin kan sarki, mai yin sa manazarcin kan sarki, sai a ƙara “na wasanni”.

Saura kalmar Turanci cover. Wata baiwar Allah ta ce murfi, wani ya ce bango. Hajiya, ba tukunya ba ce, ba littafi ba ne. Ambulan ce da aka manna wa kan sarki, gidan waya ya buga mata hatimi mai gari da kwanan wata, kuma hatimin nan ne darajarta. Yurugwai ba ta fitar da kan sarki na Gasar Kofin Duniya ta 1930 da aka yi a ƙasarta ba, hatimin da aka riƙa bugawa a kan wasiƙu ne ya tallata ta, shi masu tarawa ke farauta. Wanda ya jiƙa irin wannan ambulan don ya ɓamɓare kan sarki ya yi ɓarna. Mu ce ambulan mai hatimi. Wadda aka buga wa hatimi a ranar da kan sarkin ya fito kuwa, ambulan ranar fitowa. Na so “ranar suna”, amma na san za ku ce na cika wasa.