Kuɗin da muke ba ƙaramar hukuma da aikin da muke gani a ƙasa

Mai gabatar da batu: Assalamu alaikum. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, maimakon ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, ake ta muhawara a kan cin gashin kai. Ina roƙon 'yan'uwa mazauna ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, kowa ya faɗi abin da yake biya da kuma aikin da ya gani da idonsa.

Mai sayar da hatsi: Wa alaikumus salam, Malam. Duk ranar kasuwa ina biyan kuɗin rumfa, kuma akwai abin da ake karɓa a kan kowane buhun shinkafa da aka sauke daga mota. Wata rana a ba ni rasit, wata rana mai karɓar ya ce littafin ya ƙare. Da damina ta kankama, kwatar da ke bayan layinmu ta toshe har ruwa ya shiga rumfuna, sai da muka yi karo-karo muka ɗauko leburori suka yashe ta, alhali kula da kasuwa da kwashe shara suna cikin ayyukan da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma.

Tsohon ma'aikacin sashen kuɗi: Alhaji, kukanka gaskiya ne, amma bari in faɗi abin da na gani daga cikin sakatariya. Ƙananan hukumomin ƙasar nan gaba ɗaya suna raba kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya. A shekarun da na yi aiki, kafin kuɗin wata su iso hannunmu an riga an cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarauta, da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa da jiha, sa'an nan mu biya namu ma'aikatan daga ragowar. Akwai watan da abin da ya saura bai isa man motar kwashe shara ba. Sai dai ba zan wanke kanmu ba, domin kuɗin kasuwa da na tasha da na mahauta ba su taɓa bi ta asusun haɗin gwiwa ba, a hannunmu suke lalacewa, musamman inda aka ba wani na kusa da ciyaman kwangilar tattara su, ya kawo abin da ya ga dama. Hukuncin kotu bai taɓo wannan ɓarakar ba ko kaɗan.

Malamar firamare: Baba, ni ganau ce a kan batun albashi, yana shigowa. Amma iska ta yaye kwanon ajinmu tun farkon damina, shugaban makaranta ya rubuta takarda, har yau a gindin darbejiya nake koyar da 'yan aji uku.

Mai unguwa: Malama, Allah ya ba da lada. Namu labarin yana da ɗan daɗi. Kansilanmu ya kawo mana rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana, kuma da famfon ya lalace ba mu jira sakatariya ba, muka kafa kwamiti, aka sa ɗan abin da za a biya a kan kowace jarka, ana karanta lissafin a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Mutanen da ke gudun mai karɓar haraji su ne ke biyan wannan ba gardama. Shi ya sa na nemi kansila ya kai wa ciyaman shawarar a riƙa liƙa abin da aka tara a kasuwa duk wata a jikin allon sakatariya. Ya ce zai gabatar a zaman majalisa mai zuwa.