Man goge baki ya sa haƙorana sun yi ja, in daina ko in ci gaba?

Maman Ilham, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Zoɓo da kunun tsamiya nake yi tun kafin mu taso daga Zariya, yanzu har shaguna nake kai wa. Yarinyar da ke taya ni ta tafi gida da Sallah, uwarta ta ce aure za a yi mata, ko sallama babu, shi ke nan haɗi da ɗanɗano duk suka dawo kaina. To sai haƙorana suka fara zogi, ruwan firij in na kurɓa kamar an caka min allura. Mai kemis ya ba ni wani man goge baki, an rubuta stannous fluoride a jikinsa. Zogin ya lafa, amma wani ja-ja ya fito a tsakanin haƙoran ƙasa, ga bikin ƙanwata ya matso. Na dirza da gawayi, bai fita ba. Ko man ne ke cin haƙorin?

Baban Walid, Mile 12: Hajiya, jefar da shi ki koma asuwaki. Je ki Kaltungo ko Langtang ki ga yadda fulorayid ya rina haƙoran mutane.

Ticha Obalende: Alhaji, ba haka ba ne. Na Kaltungo a ruwan sha yake, ya haura miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, kuma yara yake kamawa tun haƙori na cikin dasashi, kafin wajen shekara 8. Haƙorin babba ya wuce nan.

Maman Ilham, farin rufin haƙori da kalsiyam da fosfet aka gina shi, kuma yana fara narkewa da zarar ma'aunin tsamin baki ya sauka ƙasa da 5.5 (lambar na sauka, tsami na ƙaruwa). Zoɓo da tsamiya sun yi ƙasa da haka nesa. Rufin na sirancewa sai ƙananan ƙofofin da ke kaiwa ga jijiya su buɗe, zogin ke nan. Fulorayid yana shiga rufin ya mayar da shi mai jure tsami har kusan 4.5. Ita kuma kuza, wato stannous ɗin da aka rubuta, irin wadda ake haƙa a Jos, ita ce ɗaya rabin maganin: tana kwantawa a saman haƙori ta kare shi, ta toshe ƙofofin, ta rage ƙwayoyin cuta. Ba sabon abu ba ne, tun 1955 man goge baki na Crest ya fito da shi a Amurka. Aibinta ɗaya, tana iya barin tabo, balle ga mai shan shayi ko cin goro. A sama tabon yake, likita zai kankare shi.

Ummu Hanan: Hmm, likita! Ni da na je wanke haƙori sai da suka lissafo min ciko uku. Kuɗin makarantar yara na kwashe, har yau maigida yana min gori.

Ticha Obalende: Gawayin nan dai ki bari. Rufin da ya tafi ba ya tsirowa. Me kike sha da safe?

Maman Ilham: Ruwan ɗumi da lemon tsami, don tumbi. Amma nan take nake goge baki, ban wasa da tsafta.

Ticha Obalende: To ga ɓarawon nan. Tsami ya tausasa rufin, ke kuma kin bi shi da buroshi. Ki kuskure da ruwa, ki jira ko da minti 30. In kin goge ki tofar kawai, kada ki wanke man. Ki leƙa sashen haƙori na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ƙila ma akwai kogo.

Maman Ilham: Malam, lemon nan ya yi min amfani, duk wanda ya gan ni sai ya faɗa. Kuma kakata da gawayi ta rayu, haƙoranta ras har ta koma ga Allah. Zoɓo kuwa in ban ɗanɗana ba wa zai saya?

Baban Walid: Kin ji ko. 'Yan boko dai sai su tura ka layin kati.

Ummu Hanan: Maman Ilham, nawa kike ba da jarka? Muna da suna ran Asabar a Alaba Rago.