Wa yake tuna zamanin The Sims?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shin akwai mai tuna The Sims, wasan da kamfanin Maxis ya fitar a shekarar 2000? A tsohuwar kwamfutar yayana na fara buga shi, inda nake gina gida, in nema wa mutanena aiki, in kula da cinsu da barcinsu har sai an ɗauke wuta. Me ya fi zauna muku a rai game da shi?

'Yar Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni kashi na biyu, wanda ya fito a 2004, ya fi burge ni, domin a cikinsa jariri yakan girma, ya yi aure, ya tsufa a gaban idonka. Da aka ƙara masa masu shan jini a 2005, sai na ji kamar tatsuniyoyin Dodo da kakata take yi mana bayan sallar isha'i ne suka shigo gidan da na gina da hannuna, ga tsoro ga daɗi.

Baƙon Injamena:
Gaskiyarki, Yaya. Mu da Faransanci muka same shi, kuma a cikinsa ƙanena ya koyi sunayen kayan ɗaki tun kafin malaminsa ya koya masa.