Sabuwar shiga ce ni a famasi, dan Allah me kuke dubawa kafin ku miƙa magani?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema wajen manyanmu dan Allah. Na gama makarantar kiwon lafiya ɓangaren magunguna, yau sati uku kenan da na fara aiki a wani famasi nan cikin gari, toh jiya wani abu ya faru da har yanzu jikina bai daina rawa ba. Wani yaro ne da bai fi shekara goma ba aka aiko shi da takardar asibiti, amoksisilin ɗin yara ne na gari wanda ake zuba wa ruwa, 125mg/5ml, sai farasitamol na ruwa. Layi ya yi tsawo ga oga ya tafi sallah, na ɗauko na sa a leda na ce masa cokali ɗaya sau uku a rana, ya karɓi canji ya ruga. Bayan magariba sai ga uwar da kanta da kwalbar a hannu, wai ita ta buɗe ta ga gari ne ba ruwa, shi ne ta ɗebi cokali guda na garin ta dama ta ɗura wa jaririyar, yanzu ta zo tambaya ne ko haka ake yi don ta ga garin ba zai kai kwana biyar ɗin da aka rubuta ba. Wlh sai da na ji ƙasa na juya min. Allah ya rufa asiri sau ɗaya ta bayar, oga ya sa aka kai yarinyar asibiti aka duba ba abin da ya same ta, ya ɗauko sabuwar kwalba ya haɗa musu da hannunsa. Ko faɗa bai min ba, kallona kawai ya yi, ni kuwa gara min faɗan.

A aji an koya mana abubuwa da yawa amma in mutum goma suka tsaya a kanka kowa na miƙo kuɗi duk sai ya gudu. Ku da kuka daɗe, me kuke dubawa wanda ba kwa tsallakewa ko layi ya kai bakin titi?

Dattijon_Kanta:
Wa alaikumus salam. 'Yata kwantar da hankalinki, duk wanda ya daɗe a bayan kanta yana da irin wannan labarin, masu faɗa ne dai kaɗan. Maganin da kika ɗauko daidai ne, a wajen miƙawa aka samu matsala, kuma a nan mafi yawan ɓarnar take.

Ni kafin in taɓa ko kwali, tambayata ta farko ita ce: waye zai sha? Don a wajenmu wanda ke tsaye gabanki yawanci ba shi ne mara lafiyar ba, ko yaro ne aka aiko, ko miji ya zo saya wa matarsa da ke gida, ko ɗan acaɓa ne da bai ma san mai ciwon ba. In yaro ne zai sha shekararsa nawa, kilo nawa ne, tunda maganin yara da nauyi ake auna shi. Ɗauki Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, mai ƙarfin 20/120: kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya a kowane sha, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu, sha shida cikin kwana uku, na biyun bayan awa takwas da na farko, sannan safe da dare, kuma a bi shi da abinci mai maiƙo ko madara don jiki ya fi karɓarsa. Sannan akwai na 80/480 da babba ke shan ƙwaya ɗaya tal, kin ga wanda ya saba da hurhuɗu in baki ja kunnensa ba zai afa huɗu na wannan ma.

Sai takarda. Rubutun likitoci kin san shi, wani kamar kaza ta yi tonon ƙasa, to in baki gane ba kar ki yi cinta, ki tambayi ogan ko a kira wanda ya rubuta, ba abin kunya ba ne. Akwai sunaye masu kama da juna da ke halaka mutane, klofromazin na masu taɓin hankali da klofrofamaid na masu suga, ko kabamazefin na farfaɗiya da kabimazol na maƙoƙo, in aka rubuta su da sauri sai kin zuba ido. Ki san bd sau biyu ne, tds sau uku, qds sau huɗu, 5/7 kwana biyar, 2/52 sati biyu. Ni har gobe sau uku nake karanta kwali, da na ɗauko, da ina ƙirgawa, da zan mayar da ragowar. Suna, ƙarfinsa, ranar lalacewa.

Na ƙarshe kuma wanda shi ne da ya cece ki jiya: in kin gama bayani ki ce to Hajiya maimaita min yadda za ki ba shi. In kika ce kin gane ko, kowa eh zai ce. Yaro ɗan aike kuwa ba na ba shi maganin jariri da bayanin baki, ko in haɗa da kaina in rubuta, ko ya bani lambar uwar in kira, ko ya koma ya zo da babba.

Sista_Mai_Allura:
Baba ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi daga ƙauye don a ƙaramin asibiti nake. Ƙanwata ki bar cewa cokali. Wane cokalin? Na shayi 5ml ake nufi, amma a gida wata da cokalin cin shinkafa za ta auna wanda ya ninka biyu ko uku, wata da murfin kwalbar. Ki nuna mata layin a jikin ɗan kofin awon da yatsanki, in sirinji ne ki ja masa alama da biro. Garin nan kuma ruwan da aka tafasa ya huce ake zubawa, a fara girgiza garin ya saki, a zuba rabi a girgiza, sannan a cika zuwa layin da ke jikin kwalbar, ba har wuya ba, kuma duk za a bayar sai an sake girgizawa. Ki duba jikin kwalbar, yawanci bayan kwana 7 da haɗawa zubarwa ake.

Sau uku ma yana da nasa rikicin, na ga wadda ta ba da duka ukun tsakanin hantsi da la'asar wai ta huta. Ni da sallah nake ɗaure musu, asuba, azahar, sai in za a kwanta wajen ƙarfe goma, kusan awa takwas-takwas kenan. A jikin ambulan in ja sanda-sanda, wadda bata karatun boko in rubuta mata da ajami ko in zana rana da wata.

Wani abu kuma, tambayar ciki. Kar ki yi ta da ƙarfi gaban maza, ba za ta faɗa miki ba, bare in cikin fari ne, ki matso da ita gefe ki yi ƙasa da murya. Tetirasaikilin ba na mai ciki ba ne ba kuma na yaro ƙasa da shekara takwas ba, ibufurofen da daiklofenak ma ki kiyaye mata su musamman in cikin ya tsufa, haka mai olsa da mai ciwon ƙoda da mai asma. Ki tambaya ko wani magani ya taɓa yi musu ƙaiƙayi ko ƙuraje, Septrin da Fansidar ɗan gida ɗaya ne, na taɓa ganin wanda leɓensa da fatarsa suka saluɓe kamar wuta ta ƙona shi, Allah kar ya maimaita min ganin irinsa. Sannan maganin matsi na mata ki faɗa ɓaro-ɓaro ba na sha ba ne, kunya ta sa da yawa sun haɗiye shi.

Na_Bakin_Kasuwa:
Duk gaskiya kuka faɗa amma fa ku faɗa mata yadda kasuwa take. Ni kemis gare ni, lasisina na PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, bai bani damar sayar da komai ba, na sani, amma mutum zai shigo ya ajiye maka ɗari biyu ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, ka tsaya tambayoyi ya ce kai likita ne? ya tsallaka shagon gaba a haɗa masa kala biyar a ƙulle a leda. Haka ake fama.

Abin da ni na riƙe shi ne kayan kansu. Lambar NAFDAC, in mai katin kankarewa ne a kankare a tura lambar, kuma ba na sayen kaya a hannun wanda ya shigo da jaka wai araha. Ku tuna My Pikin a 2008, maganin haƙoran yara ne fa, yara 84 suka tafi saboda gubar da ta shiga cikinsa. Sai zafi, kwali ya ce a ajiye ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu shago mai rufin kwano sai ya haura 40, don haka kar ki jera kaya a saman kanta kusa da kwano ko inda rana ke bugawa. Wanda ya kusa lalacewa shi ne a gaba ko da shi ya zo daga baya.

Dattijon_Kanta:
Malam na bakin kasuwa, na ji ka kuma ba ƙarya ka yi ba, amma haɗin nan ka bar shi ya tsallaka ɗin. Za ka tarar akwai Panadol a ciki, ga maganin mura shi ma da farasitamol, ga na ciwon jiki shi ma haka, alhali babba bai wuce giram 4 na farasitamol cikin awa 24, hanta ce ke biya. Wani haɗin ma daiklofenak da ibufurofen ne tare a cikin da ba abinci. Kafson antibayotik guda biyu kacal kuwa ba abin da zai kashe, sai dai ya koya wa ƙwayar cutar taurin kai. In kuɗinsa bai kai cikakken adadi ba gara a nema masa mai sauƙin kuɗi da a gutsura masa.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai Baba, Anti na gode, Allah ya ƙara girma. Yau da safe wata ta zo da takardar amoksisilin ɗin nan dai, na haɗa a gabanta na ce ta maimaita min, sai cewa ta yi ai in zazzaɓin ya sauka sai ta ajiye ragowar saboda ƙaninsa, da ban tambaya ba shi kenan. Saura tambaya ɗaya Anti, masu suga da ke allurar insulin, waɗanda ba su da firij ko ba wuta a unguwarsu, ya kuke ce musu su ajiye?

Sista_Mai_Allura:
Wanda ba a buɗe ba wurinsa firij, digiri 2 zuwa 8, kuma kar ya daskare. Wanda ake amfani da shi yakan yi kusan sati huɗu a waje in wurin ba zafi, ki duba takardar cikin kwalin dai. Mu nan a leda suke ƙulle shi ruwa kar ya taɓa, a sa a ƙaramar tukunyar ƙasa, ita kuma a sa ta cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a ajiye a inuwa kusa da randa ana yayyafa wa yashin ruwa. Ki ce su riƙa sayen kwalba ɗai-ɗai lokacin bazara.