Wane suna za mu ba kwanan watan da ake karantawa ta gaba da ta baya?

Jama'a, Turawa suna cewa falindirom, kalmar da suka aro daga Girkanci, ga duk rubutun da ba ya sauyawa ko an faro shi daga hagu ko daga dama, kamar "uku" da "aya" da "awa" a namu harshen. Abin da muke nema yau shi ne sunan kwanan wata mai wannan siffa, irin 02/02/2020, ranar Lahadin da ta dace da tsarin kowa, da mu masu fara rubuta rana a Najeriya da Nijar, da Amurkawa masu fara rubuta wata. Kafin ita sai an koma 11/11/1111, ba kuma za a sake samun irinta ba sai 12/12/2121.

Wasu sun ce a kira ta ranar tagwaye, amma wannan suna ya fi dacewa da 12/12/12, inda lamba take maimaita kanta. An kuma kawo ranar madubi, wanda yake da daɗin faɗa, sai dai madubi yana juya surar lambar ne baki ɗaya, duk wanda ya rubuta 2 a takarda ya nuna masa zai ga ta juya masa baya. Jeka-ka-dawo shi ya fi kusa da asalin ma'anar Girkancin, amma makarantu sun riga mu ɗauka, mai ji zai zaci makarantar da ba ta kwana ba ake nufi.

Ni a ganina mu tsaya a kan gaba-baya-ɗaya, domin ya bi ƙirar dafa-duka da ka-fi-zabo, yana bayyana kansa ba tare da sharhi ba, kuma zai yi wa kalma da jimla aiki kamar yadda zai yi wa kwanan wata.

Mai son gwada sunan ya lura cewa a tsarinmu duk irin waɗannan ranaku na ƙarnin nan a watan Fabrairu suke faɗowa, saboda 20 ta farkon shekara idan aka juya ta 02 take komawa. Su 29 ne, daga 10/02/2001 har zuwa 29/02/2092. Sai mu riƙa cewa gaba-baya-ɗaya ta ƙarshe da muka gani ita ce Talata 22/02/2022, ta gaba kuwa sai 03/02/2030.