Bututun da ke kwance a teku: me za mu kira shi?

Jama'a, ina neman shawararku kan abin da Turawa ke kira subsea pipeline, wato bututun da ke ɗauko ɗanyen mai ko iskar gas ta cikin teku. A rediyo an saba cewa "bututun ƙarƙashin teku". Ni dai kunnena bai gamsu da shi ba.

Idan Bahaushe ya ce abu yana ƙarƙashin tabarma, ya san sai ka ɗaga tabarmar kafin ka gan shi. Don haka mai sauraro a Gumel ko Maraɗi zai ɗauka an haƙa rami ne a cikin yashin da ke ƙasan ruwan, an binne bututun. Alhali yawancinsa a shimfiɗe yake a kan yashin da ke can ƙasa, ruwa na bisansa. Kusa da gaɓa ne aka fi haƙa masa kwari ko a jibga masa duwatsu.

Ku dubi yadda ake aikin. Jirgin ruwa na musamman yana ɗauke da gutsattsarin bututu, kowane kusan mita 12. A cikin jirgin ake yi musu walda ɗaya bayan ɗaya, ana sakin su ta baya, suna lanƙwasa a hankali har su taɓa ƙasa. Tun a masana'anta an shafe su da maganin tsatsa, sannan aka yaɓa musu kankare mai kauri, don nauyi ya danne su kada igiyar ruwa ta yi wasa da su.

Kuma wannan bambanci ba iyayi ba ne. Bututun gas na Afirka ta Yamma, wanda ya tashi daga Najeriya ya bi ta gaɓar Kwatano da Lome har Tema da Takoradi a Gana, tsawonsa kusan kilomita 678, galibinsa a cikin ruwa. A watan Agustan 2012 angar wani jirgi, wato ƙugiyar da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, ta maƙale bututun a kusa da Lome, ta ɓalle shi. Gas ya daina zuwa Gana kusan shekara guda, wutar lantarki ta shiga ɗauke-kawo, 'yan'uwanmu na zango sun ji a jikinsu. To in ka ce wa mutum bututun yana "ƙarƙashin" teku, ta yaya zai gane cewa ƙugiyar jirgi za ta iya kamo shi?

Wani malamin makaranta ya ba da "bututun gindin teku". Malam, Allah ya ƙara basira, ma'ana ta fito sarai, don muna cewa gindin rijiya. Sai dai ka san halin masu karanta labarai, da wuya a samu mai yarda ya maimaita wannan kalma sau biyar a labari ɗaya, yara na gaban rediyo.

Wata baiwar Allah kuma ta ce a bar shi "fayif ɗin ruwa". Hajiya, wannan ai na mai gyaran famfo ne. Kowa zai zaci ruwa yake ɗauka.

"Bututun cikin teku" ma bai yi ba, ya yi faɗi. Akwai wani bututun da ke tasowa tsaye daga rijiyar mai zuwa jirgin da ke tara man a sama, kamar a filin mai na Bonga da ke tekun Najeriya, inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000. Shi ma a cikin teku yake, amma ba kwance ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne "bututun ƙasan teku". Ƙasan tukunya, ƙasan kogi, duk mun san wurin da abu ke sauka ya zauna ne. Ku gwada shi a jimla: "A watan Satumban 2022 an fasa bututun ƙasan teku na Nord Stream, wanda a da yake kai gas daga Rasha zuwa Jamus ta tekun Baltik." Ya zauna a baki, kuma yana karɓar jam'i ba gardama: bututan ƙasan teku. Aikatau ɗinsa "shimfiɗa", sai inda aka rufe shi da ƙasa a ce "binne".

Saura na tsayen nan. Ina tunanin "bututun hawa", amma masu aiki a Fatakwal da Warri, ku faɗa mana abin da kuke ce masa idan kuna hira da Hausa.