Haruffa daga da'ira da murabba'i: abin da masu rubutun allo suka ce

Na kai wa masu rubuta allunan shaguna a Zangon Kumasi haruffan da na haɗa daga da'ira da murabba'i.

Dattijon cikinsu ya ɗora yatsa kan "O". Ya ce da'ira kan ƙanƙance a ido in tana kusa da "H", sai a bar ta ta ɗan zarce layi sama da ƙasa. Wani ya ƙara da cewa ko Futura, samfurin haruffa masu siffar da'ira da miƙaƙƙen layi da Bajamushe Paul Renner ya zana, ta 1927, da ido aka daidaita ta.

Abin da ya fi damuna ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ. Tawa ta tsuke, daga nesa ƙ ta koma k. Suka ce in buɗe ta, in ƙara ɛ da ɔ saboda Twi, harshen mutanen Kumasi, in liƙa a bango, in ja baya taku goma in duba.